Jinƙai Ba Ta Jin Goyon da Ke Bayanta

Madarunfa, farkon damina.

Zuwa ga Yayana Barnabas, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Maryam da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar taka? Ɗana Illo ya gaya mini gwiwar ta sake tashi har ka daina hawa moto. Allah ya sauwaƙe, ya ƙara maka ƙarfi da tsawon rai, domin kai kaɗai ka rage mana a matsayin uba tun da tsofaffinmu suka tafi. Mu nan muna godiya ga Allah. Ruwa ya sauka da kyau, tabki ya fara cika, a Safo kuma an gama shuka. Illo da matarsa sun sa gero da wake a gonar gabas, ta bayan gari suka sa gyaɗa. Bana ban riƙe ƙwaryar iri ba, karo na farko tun da na yi wayo.

Ka yi haƙuri da rubutuna, Yaya. Ka san da furfura na shiga ajin karatu na Zumuntar Mata, hannuna ba ya sauri, layukana kuma suna gangarawa. Na zaɓi takarda ne domin ranar da ka kira ni a salula ka ce in tattara kayana in koma ɗakina a Safo, abin da bakina ya iya faɗi shi ne to. Tun muna yara haka nake a gabanka. Amma har yau ban tafi ba. Ina nan a gidan Mika, mijin ɗiyata Jinƙai. Na san wanda ya kai maka labari ya ce ƙanwarka ta zubar da mutuncin gidanku, ta tare a gidan surukinta kamar wadda ba ta da kowa. A kan tarewar bai yi ƙarya ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne, duk ranar da na fita daga gidan nan, a ranar za a ɗauke wa Jinƙai ɗanta a kai shi Gabi, wurin uwar mijinta. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka tuna shekarar da muka sauka gidanka ni da ita, lokacin da ƙafafunta suka fara mutuwa. Da farko cewa take yi kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarta, daga baya ta ce kamar an sa mata safa mai kauri da ba ta ciruwa. Takalminta yakan fita a hanya ba ta sani ba, sai wani ya biyo ta da shi. Mutane suka fara raɗa cewa kuturta ce, domin ita muka sani tana kashe fata, aka duba a asibitin mishan aka ce ba ita ba ce. Kai ka kai mu wurin lokotoron jijiyoyi, aka sa ta cikin injin nan mai ƙara aka ɗauki hoton kanta da ƙashin bayanta. Sunan ciwon daga takardarsu na kwafo shi, sclérose en plaques, har yau bakina bai iya shi ba. Abin da na riƙe daga bayaninsa shi ne jijiya kamar wayar kuran take, wato ta lantarki, tana da rigarta, ciwon kuma rigar yake ci, sai saƙo ya riƙa ɓacewa tsakanin fata da ƙwaƙwalwa. Ya ce ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma wanda ya yi mata asiri. Ya ce wasu mutuwar jikin takan zo musu ta tafi, wasu kuma ta zo ta zauna. Kai farkon abin ka gani, Yaya. Ba ka ga inda ya kai ba.

Da ta samu ciki sai jikin ya yi sauƙi ƙwarai, har ta koma kan keken ɗinkinta. Muka ce an amsa addu'a. Ta tsaya gaban ikkilisiya ta ba da shaida, mata suka yi guɗa. Ta haifi namiji, aka sa masa sunan marigayi mahaifinta, muke kiransa Ɗan Baba. Ka gafarce ni, abin da zan faɗa yanzu maganar mata ce, amma in ban faɗa ba ba za ka gane sauran ba. Na ɗauko ta zuwa Safo don wankan jego, kamar yadda aka yi mini, aka yi wa uwarmu. Safe da yamma muna tafasa ruwa a babbar tukunya, mu tsoma ganyen bedi mu fyaɗa mata. Mai jego takan yi kuka, wata har sai an riƙe ta. Jinƙai ko motsi ba ta yi. Tsofaffin unguwa suka riƙa yabonta, suna cewa ba su taɓa ganin mai haihuwar fari jaruma irinta ba, a ƙara wuta tunda tana iya ɗauka, jikin zai fi ɗaurewa. Ba wadda ta kawo a ranta cewa ba jarunta ba ce, ji ne ba ta yi. Sai wata safiya da na zo shafa mata mai na ga fatar bayanta ta tashi ta ɗuri ruwa, tana saɓulewa a hannuna, ita kuma tana tambayata me ya sa na yi shiru.

Aka kwantar da ita a Maraɗi. Ƙunar ta warke, ta bar tabo. Lokotoron da ya duba ta ya ce zafi yana ƙara raunana irin jijiyarta, kada a ƙara kusantar da ita ruwan zafi, amma ya ce ciwon da kansa yakan tashi a watannin bayan haihuwa, da wanka ko ba wanka. Aka yi mata ƙarin ruwa da maganin kwantar da shi. Ƙafafun suka dawo suna ɗaukarta, amma jin bai dawo ba. Mutuwar jikin ta hau daga ƙafa zuwa ƙugu, ta kama baya har kafaɗu, ta sauko ta kama yatsun hannu. Mun jira ta tafi kamar dā. Kaka ta wuce, sanyi ya wuce, bazara ta wuce, tana nan zaune.

Wanda ya ga Jinƙai a kan tabarma ba zai ce tana da komai ba, ga ta da ƙibarta, ga fara'a. Wannan shi ne rabin wahalarta. Mata sukan ce mata ta gode Allah tunda ba zafi take ji ba. Ita kuma ta ce mini da za a ba ta zaɓi da ta ɗauki zafin, domin mai jin zafi ya san jikinsa nasa ne. Ta ce kamar ta kwanta a kan hannunta ya mutu, tana ta jira ya farka, shekara ta kusa zagayowa. Gishirin miya ba ta iya ɗibarsa da yatsu, ba ta san ko ta ɗebo ko ba ta ɗebo ba, sai da cokali. Allura takan faɗi daga hannunta ta ci gaba da kai hannu ga ƙyalle, don haka keken ɗinkin an rufe shi da zane. Tafiya da ido take yinta, tana kallon ƙafafunta kamar tana kiwon su. In fasto ya ce a tashi a rufe ido a yi addu'a, ita sai ta kama benci, domin da zarar ta rufe ido ƙasa ta ɓace mata. Kullum da yamma takan ɗaga tafin ƙafarta ta duba da madubi ko ƙaya ta shiga. Wani lokaci ta ce kamar an ɗaure mata haƙarƙari da igiya ana ja, in kwance mata zane, in na kwance in ga ba abin da ya matse ta. Da bazara kuwa, in rana ta take, har tsayuwa takan gagare ta, sai mu jiƙa zane da ruwan randa mu lulluɓa mata.

Duk wannan ta ɗauke shi, Yaya, ba ta taɓa yi wa Allah gunaguni a gabana ba. Abin da ya karya ta goyo ne. Kai namiji ne, amma an goya ka, ka kuma ga Yaya Maryam ta goya naku. Mace da bayanta take sanin ɗanta. Da baya take jin ya yi barci, da baya take jin numfashinsa ya canza, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya jiƙa ta, ko ya fara zamewa ta gyara shi ba tare da ta daina dakanta ba. Jinƙai takan ɗora Ɗan Baba, ta ja zane, ta ɗaura majanyi, amma yatsun ba sa gaya mata ko ƙullin ya kama, bayan kuma ba ya gaya mata ko akwai mutum a kai. Bayan ta koma ɗakin mijinta, maƙwabta suka ce takan tsaya gefen katanga tana kallon inuwarta don ta ga kan yaron. Takan tare yarinyar da ke wucewa ta ce ta duba mata ko yana numfashi.

Ranar da abin ya faru ta je pompo ne da ƙaramin bidon ɗibar ruwa, nan bayan gidansu. Ƙullin ya kwance a hanyar dawowa. Yaron ya sulale ta ƙasan zane ya faɗi, ita kuma ta ci gaba da tafiya tana kallon ƙafafunta, zanen na jan ƙasa a bayanta. Faɗuwar ta ɗauke masa numfashi, bai yi kuka nan take ba. Ihun wata maƙwabciya ne ya juyo da ita. Allah ya rufa asiri a kan rairayi ya faɗi, goshinsa ya kumbura kawai, aka kai shi likita aka ce ba abin da ya karye. Amma mutane da yawa sun gani, kuma abin da suka riƙa maimaitawa ba faɗuwar ba ce, tafiyar da ta ci gaba da yi ce. Da aka aiko mini na hau kabu-kabu na zo, na same ta zaune a ƙasa ta rungume shi, ta manna kumatunta a nasa, ta ƙi bari kowa ya karɓe shi, ta kuma ƙi cin abinci.

Labari ya kai Gabi, uwar Mika, Yunis, ta zo. Kada ka ɗauka muguwar mace ce. Jikanta ne na fari ta wurin Mika, kuma da ta ga goshin yaron ta yi kuka na gaske. Ta ce a yaye shi yanzu ta tafi da shi, tana da awaki masu nono, tana da ƴammata a gida masu goyo, ai dama wurin kaka ake kai yaye, an dai gaggauta ne kawai. In uwar ta warke a dawo mata da shi. Aka kira fasto da dattawan ikkilisiya biyu aka zauna a tsakar gida. Ɗaya daga cikinsu ya ce maganar Yunis maganar hankali ce, yau rairayi ne, gobe ba a san ko bakin murhu ba ne. Mika ya sunkuyar da kai, ga uwarsa ga matarsa. Ni kuma ina jin kalmar nan ta in ta warke tana yawo a tsakaninsu, alhali ni da Mika mun ji da kunnenmu lokotoro ya ce ba shi da ranar da zai ba mu.

Jinƙai ta tashi ta shiga ciki. Da na bi ta ɗaki ɗauko wa baƙi ruwa, sai ta riƙe mini zane. Ta ce Inna, ƙafa ta tafi, baya ya tafi, hannu ya tafi, wuri biyu suka rage mata da take jin ɗanta, ƙirjinta in yana shan nono, da fuskarta in ta manna a jikinsa. Ta ce in aka yaye shi aka kai shi Gabi, to ba sauran abin da zai taɓa ta a duniya ta ji. Ba ta yi kuka ba da take faɗin wannan, a hankali ta faɗe shi kamar mai ba da saƙo. Yaya, ban san lokacin da na fito na durƙusa gaban dattawa ba. Na ce a bar yaron, ni zan zauna a gidan, ni zan goya shi, ita ta shayar. Fasto ya tambaye ni ko na san abin da nake faɗi. Yunis ta kama baki ta ce a gidan suruki, Ruth, ke da kanki? Wani ya ce to a mayar da Jinƙai Safo mana da ɗanta. Amma Yunis ta ce ba za a raba ɗanta da matarsa da ɗansa gaba ɗaya ba, kuma ni ma na san macen da aka mayar gida da ciwo irin wannan ba kasafai ake zuwa bikonta ba, ga likita a nan kusa, can kuwa sai an nemi amalanke. A ƙarshe Yunis ta ce ta yarda, amma da sharaɗi, ta kuma faɗe shi gaban dattawa: muddin ina gidan yaron na nan, ranar da na kwashe kayana ita kuma za ta zo ta ɗauki nata.

Kada ka zaci ban san kunya ba. Uwa ɗaya ta haife mu, ita ta koya mini cewa mace ba ta cin abinci gaban surukinta, ba ta kwana a gidansa sai da babban dalili, in ta hango shi a hanya ta kauce. Yanzu ga ni a gida mai ɗaki biyu da makewayi ɗaya. Mika ya kafa mini ƴar rumfa ta zana a bayan madafa, ya sa kwano a sama, nan nake kwana, in ruwa ya zo da iska in ja tabarmata tsakiya. Yaron kirki ne, kuma shi ma yana shan wahala. A gidansa yake yin gyaran murya kafin ya shigo, kamar baƙo. Kowace safiya sai ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, ni kuma in juya fuska ga katanga in amsa. Abincinsa a garejin da yake gyaran moto ake kai masa, wanka a gidan abokinsa yake yi. Ya rame. Ni ma in yana gida ba na iya kai loma baki, sai ya fita. Ta bakin Jinƙai ya aiko mini cewa ya gode, ta bakinta na mayar masa cewa ba komai.

Bakin mutane kuwa ba ya hutawa. Akwai wata mai tuyar ƙosai a bakin hanya, duk na wuce da goyo sai ta ɗaga murya ta ce ga amaryar gidan Mika, yaushe za a kawo lefe su zo gani. Na ce mata ta jira, ita zan sa ta yi mini guɗa in haƙoranta sun sake fitowa. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma da na shiga gida sai da na zauna. A pompo wata ta tambaye ni ko gara ce ta cinye ɗakunan Safo. Har a Zumuntar Mata, waɗanda muka yi shekaru muna waƙa tare, akwai masu yin shiru in na shigo. Duk wannan ina iya haɗiye shi. Naka ne ya fi mini nauyi, domin sunanka suke kira in suna faɗi, su ce ƙanwar Malam Barnabas ce fa.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, ko fasto. Na zo ne don kada a raba ta da ɗanta, amma ina tsoron ni ce nake raba su a hankali. Yaro bayan da ke ɗaukarsa ya sani. Yanzu in Ɗan Baba ya tsorata, ko ya ji barci, ni yake miƙo wa hannu. Rannan yana cinyarta, na wuce zan kwashe shanya, ya zame daga jikinta ya rarrafo ya kama ƙafata yana kuka. Na ɗaga kai muka haɗa ido da ita. Ta yi murmushi ta ce mai sunan maigidana ya fi son tsohuwar matarsa, ta tashi ta shiga ɗaki tana dafa bango, ta daɗe ba ta fito ba. Tun daga ranar muka fara wani abu. In la'asar ta yi sanyi takan zauna a tabarma, in ɗora mata shi, in ɗaure da hannuna, in zauna a bayanta ina gaya mata abin da yake yi. In ce ya kwantar da kai a kafaɗarki ta hagu. In ce yana jan gefen kallabinki. In ce ya zubo miki da yawu, ga shi yana gangarawa. Ita kuma ta riƙa jijjiga shi tana tambayata ko jikinsa da ɗumi, ko ya yi nauyi fiye da jiya. Wani lokaci ya yi barci a can. Wani lokaci ya juyo ya gan ni ya fara ƙoƙarin saukowa, sai in matsa inda ba zai gan ni ba, in ci gaba da ba ta labari daga can.

Makon jiya haƙoransa na sama suka fito. Ta ba shi yatsanta yana wasa da shi tana hira da ni, sai na ga jini a bakinsa. Na ɗauka nasa ne, ashe nata ne, ya cije ta har ya huda fata. Ta kalli yatsan ta yi dariya ta ce ashe ƙarfi gare shi, sannan dariyar ta tsaya. Ta roƙe ni kada Mika ya sani, don kada maganar ta kai Gabi. Na ɗaure mata, da ya tambaya muka ce wuƙa ce. Ka ga inda muke, Yaya. Yaron na girma, kowane wata da sabon abin tsoronsa. Gobe zai kai hannu ga tukunya, ita kuma in ta riƙe shi ba ta san ko ta riƙe da ƙarfi ko ya kuɓuce ba sai ta gani da ido. Ba za ta iya ita kaɗai ba, gaskiyar Yunis ce a nan. Amma kuma ba za ta rayu ba in ba shi.

Ga abin da nake roƙonka. Ka janye maganar komawata. Ka kira fastonmu da mahaifin Mika ka ce musu da saninka nake zaune, kai ka ce in zauna. In babban gida ya ce da izininsa ne, masu magana za su rage, Mika ma zai iya ɗaga kai a cikin gidansa. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da nake, ko a aurena, ko a rabon gonar Baba. Wannan karon ba zan iya bi ba, kuma ya fi mini in faɗa maka da kaina da ka ji a bakin wani. Na riga na sa Illo ya kawo mini akwatina da tukunyata, awakina na bar wa matarsa. Zan zauna har yaron ya yi ƙafa ya daina bukatar baya, har ya yi baki ya iya gaya wa uwarsa abin da jikinta ba ya gaya mata. Ban san ko ƙarfina zai kai can ba. Ƙuguna yana ciwo, in na sauke shi da yamma sai na daɗe kafin in miƙe. In Ubangiji ya kira ni kafin lokacin, ina bar maka amanar Jinƙai: kada ka bari a yanke maganar ɗanta ba kowa nata a wurin.

Ka gaishe mini da Yaya Maryam ƙwarai, ka ce mata ta sa mu a addu'arta ta safe, ta kira sunan Jinƙai. Ka gaida Musa da iyalinsa, da Ibrahim in ya dawo daga aiki, da Maimuna da ƴan biyunta, Allah ya raya su. Illo da matarsa suna gaishe ku. Mika ya ce a miƙa gaisuwarsa da ban girma. Jinƙai na gaida Kawunta, ba ta san abin da na rubuta ba, ta ɗauka labarin damina nake ba ka. Ubangiji ya kiyaye shigarku da fitarku, ya ba mu ganin juna da rai.

Zan tsaya nan. Ɗan Baba ya farka yana kuka a ɗaki, ina jin ta tana neman bango za ta tashi. Zan ɗan jira ta riga ni isa wurinsa.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Ruth.